Ɗinkin ya warke, amma karatun bai dawo ba

Bara da kaka, ranar kasuwa, ɗan ƙanwata mai shekara 10 ya faɗo daga bayan babur a kan hanyar ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel, kansa ya bugu da gefen kwalbati. Kwana biyu bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo aka sallamo shi da ɗinki a goshi, muka yi sadakar waina, 'yan dubiya suka yi ta "Allah ya kiyaye gaba". Bayan sati uku ya rataya jakarsa ya koma aji huɗu.

Sai abubuwa suka fara fitowa. Yaron da ke da haddar izu biyar, yanzu a aike shi gishiri da magi, sai ya dawo da gishirin kaɗai, ya tsaya a bakin zaure yana lalube a ransa. Kafin a tashi tara kansa ya ɗau ciwo. Abu kaɗan ya fusata shi. Malaminsu, wanda ƙane ne a wurina, ya tare ni bayan Azahar ya ce, "Yaya, yaron nan fa ya lalace, wasa ya sa a gaba." Kakarsa kuwa ta ce iska ce ta shafe shi, aka shiga hayaƙi da rubutu.

Ban ga laifin malamin ba. Ajinsa cike yake har bakin ƙofa, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa cewa buguwar ƙwaƙwalwa kan bar mantuwa, saurin gajiya, kasa jure hayaniya da sauyin hali, wani lokaci har da farfaɗiya, ko da fata ta haɗe sumul. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, mai kula da tsara aiki da danne fushi, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Shi ya sa wani yaron sai ya shiga sakandare, karatu ya yi nauyi, sannan ɓarnar ta bayyana, alhali kowa ya manta da ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ko amalanke. A nan ne ake laƙaba masa daƙiƙi, bulala ta biyo baya, daga nan sai gona ko tallan rake.

Idan aka ce ilimin masu buƙata ta musamman, hankalinmu kan tafi ga makafi da kurame, irin ɗaliban makarantar Tudun Maliki a Kano. Su ana ganin lalurarsu. Wannan yaron kuwa yana gani, yana ji, yana buga ƙwallo, don haka ba ya cikin lissafin kowa. Dokar UBE ta 2004 ta kafa asusun ilimin bai-ɗaya, kuma ana ware kashi 2 cikin 100 na asusun domin yara masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Jami'ar Bayero na da sashe guda na horar da malaman wannan fanni. Duk da haka ban ga inuwar ko ɗaya ta kai ajin ɗan ƙanwata ba.

Ni ban goyi bayan a kwashi irin waɗannan yara a kai su makarantar kwana a birni ba. Wanda ke fama da mantuwa ya fi buƙatar fuskokin da ya saba da su. Abin da nake roƙon ma'aikatun lafiya da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jiha (SUBEB) na Kano da Jigawa ƙarami ne: duk yaron da aka kwantar saboda buguwar kai, a sallamo shi da takarda da Hausa zuwa ga hedimasta, ta faɗi abin da ya same shi da abin da za a lura da shi. Jami'an ilimi na ƙananan hukumomi kuma su sa batun cikin bitar da ake yi wa malamai, ko na yini ɗaya ne. Za a ce malamin da ke fama da rashin alli ina shi ina wannan? To, yawancin abin da ake buƙata ba na kuɗi ba ne: yaro ya fara da rabin yini, ya zauna a gaba nesa da taga, a ba shi umarni ɗaya-ɗaya, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a ajiye bulala.

Mu sai da wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu ta zo hutun Sallah ta zaunar da mu, sannan na koma wurin malamin. Ya yi shiru, ya ce, "Wallahi Yaya, sau uku na zane shi a kan mantuwa." Yanzu yakan rubuta masa aikin gida a 'yar takarda ya soka masa a aljihu. Haddar ta dawo izu biyu.