Goma bisa ashirin ba ta isa a damƙa wa mutum allura ba

Duk wanda ya yi lakwal a Nijar ya tashi da lissafi guda: mai 10 bisa 20 ya ci, mai 9 ya faɗi. A brebe ko bak ana iya haƙuri da haka. Amma idan takardar ta ungozoma ce, wadda gobe za a tura CSI, wato ƙaramin asibiti, a wani ƙauye bayan Tanut ko Gure, inda babu babban likita sai ita da majo, to wannan 10 ɗin ba awo ba ne, al'ada ce da muka gada daga tsarin Faransa. Damagaram gari ne da ke yaye ma'aikatan lafiya, daga ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, har makarantu masu zaman kansu, don haka maganar ta shafe mu kai tsaye.

A ɗauki takarda mai tambayoyi 100, kowace da amsa huɗu a zaɓi ɗaya, wato QCM. Ɗalibin da ya san 34 kaɗai, ya yi canki-canki a sauran 66, zai dace da kusan 16. Ga shi a 50, wato 10 bisa 20, alhali kashi biyu cikin uku na darasin bai san su ba. Kuma in tambayoyin bana sun fi na bara sauƙi, 10 ɗin bana ba ita ce ta bara ba.

Akwai hanyar tsayar da makin ci da ake danganta wa wani masanin jarrabawa, William Angoff, tun 1971, kuma ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Ana tara ƙwararru takwas zuwa goma sha biyu, ba malaman aji kaɗai ba, har da masu kwana a ɗakin haihuwa. Da farko su yarda a kan siffar ma'aikaciyar da ta isa da ƙyar: ba gwana ba ce, amma ba za ta cuci majinyaci ba. Sai kowa ya ɗauki tambaya ɗaya-ɗaya ya ƙiyasta, cikin irin waɗannan su ɗari, nawa za su amsa daidai. Inda wani ya ce 40 wani ya ce 85, a tsaya a yi muhawara, sau da yawa a nan ake gano tambayar ce mai harshen damo. A fitar da matsakaicin kowace tambaya, a tara, a raba da ɗari. In lissafin ya ba da 62, makin ci na wannan takarda mai tambayoyi 100 shi ne 62, wato 12,4 bisa 20.

Abin da ya fi damuna shi ne moyen, inda darasi ke rufa wa darasi asiri. Mai 16 a dokokin aiki da 5 a lissafin magani tana iya haurawa. To wa zai ba ta ɗansa? Ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 da za ta ƙare cikin awa huɗu ɗigo 42 ne a minti, in igiyar mai ɗigo 20 a mililita ce. Yaron da bai kai kilo 20 ba, mai zazzaɓin sauro mai tsanani, miligiram 3 na artesunate ake ba shi a kowane kilo, ba 2,4 ba. Irin waɗannan ya kamata a ware su, wanda ya faɗi a cikinsu ya faɗi, ko da ya cika sauran.

Hannu kuma ba a auna shi da biro. Wani malamin likitanci, Ronald Harden, da abokan aikinsa sun bayyana tsarin tashoshi a 1975: ɗalibi na zagaya tasha goma ko fiye, minti biyar zuwa goma kowace, aiki iri ɗaya ga kowa. A wata tasha ga mutum-mutumin mai jego tana zubar da jini. Mai dubawa na riƙe da jerin matakai yana sa alama: ta nemi taimako? ta murza mahaifa? ta ba da ositosin, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke? ta sa ƙarin ruwa? Wannan ya fi a ce ɗaya ta faɗa hannun malami mai zafi, ɗaya hannun mai sanyi. Amma sai an horar da masu dubawar tare tun kafin ranar, kuma kada malami ya duba ɗalibarsa.

Za a ce ƙauyuka na kukan rashin ma'aikata, iyaye kuma sun sayar da bisashe sun biya kuɗin makaranta. Gaskiya ne, kuma abin tausayi ne. Hakkin ɗaliban shi ne a sanar da su tun farkon shekara kashi nawa kowane fanni zai ɗauka, a faɗa wa wadda ta faɗi tashar da ta kayar da ita, a ba ta damar sake zama. Kafin a liƙa sakamako kuma a binciki tambayoyin su kansu: a kwatanta amsoshin kashi 27 cikin ɗari na ɗaliban da ke sama a maki da na kashi 27 na ƙasa. Tambayar da na ƙasa suka fi na sama ci, galibi amsar da ke hannun masu gyara ce ba daidai ba, sai a cire ta a sake lissafin kowa.