Wai intahaus a wannan zafin?

Don Allah wa ya ce sai a zango na uku za a yi wasannin makaranta? Watan Afrilu fa, rana kamar ta fasa kai, an jera yara a fili tun ƙarfe tara suna jiran babban baƙo, shi kuwa gogan sai bayan azahar ya iso ya shige ƙarƙashin rumfa aka miƙa masa lemo mai sanyi. 'Yata ta dawo fuska duk ƙura leɓe ya bushe, wai fiyawata ɗaya aka ba su bayan fareti. Kuma mun biya kuɗin riga, jar rigar nan wanki ɗaya ta zuba ta ɓata min farar shadda. Ga WAEC ta ƙarato. Lokacin sanyi me suke yi ne?