Wai ni na zaɓa tun kafin a haife ni

Ku da kuka ga ragon da Alhaji ya ce in kai wa surukinsa a unguwar Mokola ta Ibadan ana jibi Sallah, kun san halinsa. Daga Sabo ba nisa, shi ya sa na ja shi a ƙafa.

Daidai inda 'yan acaba ke tsayawa ya fizga. Na damƙe igiya hannu biyu, sai na ji ɗas. Tazuge ya tsinke. Jama'a, ashe wando ba ya faɗuwa gaba ɗaya. A hankali yake sauka, cikin natsuwa. Ya iso gwiwa ya ɗan huta. Na ware ƙafafu in tare shi, rago ya sake ja, na bi shi da tsalle, wando ya ƙarasa idon sawu. Rigar kuma 'yar shara ce. Gajeren wandon cikin, ruwan ɗorawa shar, ko daga ƙetaren titi ana hango shi. In na saki igiya dukiyar Alhaji ta shige Ibadan. Mai sayar da lemo ta ɗora hannu a ka tana salati, wani yaro ya ruga ya kira 'yan uwansa.

Baba mai gyaran takalma ne ya cece ni, Bayeraben nan mai jin Hausa kamar jakin Kano. Ya riƙe rago, ya miƙo min zaren ɗinki, ya ce, "Ɗana, bar ɓata rai, kai ka zaɓa."

Wai a wurin kakanninsu, kafin mutum ya zo duniya sai ya durƙusa ya zaɓi rabonsa. Akwai wani magini a sama, Ajala, shi ke gina kawuna da yumɓu, kowa ya shiga rumbunsa ya ɗauki ɗaya. Shi kuwa Ajala mashayi ne, ga bashi ya yi masa katutu, wani kan ya gasu, wani ɗanye, wani ya ƙone. Wani Afuwape da ya biya masa bashinsa shi ya samu mai kyau. Abokan tafiyarsa biyu suka yi gaggawa, ruwan sama ya narka nasu a hanya.

Ina ɗaure ƙugu na ce, "Baba, mu dai ƙaddara muka sani. A Suratul A'araf, aya ta 172, shaida kawai rayuka suka yi cewa Allah ne Ubangijinsu, ba a baza wa kowa haja ba."

Ya ce, "Ka tuna ranar da ka yi shaidar?"

Na ce a'a.

"To, wannan ma ba za ka tuna ba."

Baba bai ɓata min rai ba. Mai shayin nan ne. Ɗan garinmu, ni na sama masa wurin kwana da ya sauka daga motar shanu, har yau kuɗin garwashina na hannunsa. Yana tsaye taku uku da ni, bai miƙo ko tsumman goge tebur ba, waya ya ɗaga. Wai hasken allon yake dubawa. Da yamma yaransa suna kirana "Ɗorawa". In da gaske ana zaɓe, ina so a nuna min wanda ya zaɓar min shi.

Surukin Alhaji kuwa ya zagaya ragon, ya taɓa bindinsa, ya ce na bara ya fi shi cika.