Ranar farko da ka tauye mudu, ka iya barci kuwa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya tsaya min a rai tun jiya.

Ina tsaye wajen awon masara sai ga wata tsohuwa da kuɗin kwano ɗaya ƙulle a bakin zani, mai awon ya ajiye kwanon da ya auna min ya zaro wani daga bayan buhu wanda aka bubbuge gindinsa. Na ce Malam ka ji tsoron Allah, wannan fa ta haife ka. Ya ce "Alhaji kasuwa ce, kowa haka yake yi." Wallahi ko gezau bai yi ba, kuma wannan ya fi tauyewar tsorata ni.

Domin na tabbata ranar da ya fara, gabansa ya faɗi, ya waiwaya ko wani na kallo. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Nawwas bin Sam'an cewa zunubi shi ne abin da ya sosa maka rai kuma ba ka so mutane su gani. Wannan susar ita ce shaidar har yanzu kai mutum ne. To kafin ka kashe ta sai ka fara daina ganin tsohuwar nan a matsayin uwar wani mai jikoki na jiran tuwo, ta koma ciniki kawai, kuma a hankali kai ma ka daina ganin kanka da daraja, abin kunya ya zama wayo.

Ku duba Suratul Mutaffifina, da masu tauye mudu ta buɗe, a aya ta 14 kuma Allah ya ce abin da suke aikatawa ya yi tsatsa a zukatansu. Shi ya sa Bahaushe ke cewa wane ba mutum ba ne, alhali ga shi da hannu da ƙafa. Ba 'yan kasuwa kaɗai ba, har mai ɓoye fayil a ofis sai an ba shi na goro.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai cewa "ni ai na riga na lalace." Ɗan uwa, shaiɗan ne ke raɗa maka haka. Hadisin da ya ce zunubi na ɗiga baƙin ɗigo a zuciya, shi ne ya ce in bawa ya bari ya yi istigfari ya tuba ana goge ta.

Mai awon dai ya sake auna mata da kwanon gaskiya, yana ƙunƙuni. Ya Allah ka shirye shi, ka shirye mu, kar ka bar zukatanmu su bushe.