Matar da ba ta da gidan yaji

Kwana biyun nan babu hirar da ake yi a majalisun garinmu sai ta wata baiwar Allah 'yar Nijar da ta fanshi kanta a kotu ta koma ƙasarsu. Abin har ya hau waya. Masu cewa ta yi butulci na faɗa, masu cewa dama baƙuwa ba ta zama 'yar gida na faɗa. To ni ra'ayina daban. Ta yi daidai, kuma da ƙanwata ce da tuni na je na ɗauko ta da kaina.

Kada wani ya ɗauka auren tsallaken iyaka nake suka. Mu nan tsakanin Gumel da Maigatari wa zai soki wannan? Ita kanta masarautar Gumel daga Tumbi aka dawo da fadarta a 1845, Tumbi kuwa yau tana cikin Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka kakkafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba gonar wa da ta ƙane. Kakata ta wajen uwa daga ƙasar Damagaram aka kawo ta. Amma irin aurensu na zumunci ne. Kawunta na ƙauyen gaba, gwaggonta na aure a unguwar da aka kawo ta, in aka taɓa ta da safe kafin la'asar labari ya kai gida.

Wanda ya yi yawa yanzu wani iri ne. Mutum ya je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, dillalin shanu ya ce masa akwai yarinya can gaba da Magarya, iyayenta ba su da matsala. Ba lefe mai akwati shida, ba dogon zance. Kuma abin da mazan ke faɗa wa junansu a gindin bishiya ba ɓoyayye ba ne: “Ai matan can haƙuri gare su, duk yadda ka yi da su sai su zauna.” Sai su zauna mana. Ina za su je?

Nan ne gizo yake saƙar. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san abin da ke riƙe da auren karkara ba kirkin maza kaɗai ba ne, har da tsoron yaji. Matar gari in abu ya ishe ta, mayafi za ta ja, ta saɓa ɗanta a baya, kafin a gama sallar isha'i tana ɗakin uwarta. Gobe miji ya tashi ba mai dama masa koko, gari kuma ya ɗauka. Dole ya nemi dattijo su tafi biko, da goro, wani lokacin da turmin atamfa da sabulu. A bar shi a zaure ya yi ta zama kafin uban ya fito. A tambaye shi me ya faru, ya faɗa kansa a ƙasa. A ce ya ɗauki alkawari gaban mutane. Ita ma in ita ce da laifi uwarta ta ja mata kunne a ɗaka. Kwana uku, mako guda, ta koma, kowa ya sha iska, kowa ya san iyakarsa. Aure nawa ne a garin nan yaji ya hana su mutuwa? Ku ƙirga na gidajenku kawai.

Baƙuwa ba ta da wannan. Ba ta da ƙaramar fita, sai babba. Shi ya sa take shanye abin da 'yar gari ba za ta kwana da shi ba, shekara da shekaru, ranar da ta tashi tafiya kuwa ta tafi ke nan. Sai a ce ba ta yi gargaɗi ba.

Wannan da ake magana a kanta, matan unguwa sun sha ganinta a bakin famfon tuƙa-tuƙa da ido a kumbure. In an tambaya ta ce ƙyaure ne ya buge ta. Ƙyauren gidan nan dai ya iya saiti, kullum ido ɗaya yake samu. Da kaka maigidan ya kulle rumbu ya sa makulli a aljihu ya tafi ci-rani Kudu, ya bar wa uwarsa awo, uwar kuma ta fi jin uwargida domin 'yar ƙaninta ce. Ita amarya sai abin da aka zubo mata a kwano. Ta noma riɗi da zoɓo a 'yar gayaunar da aka yanka mata, shi ya kai kasuwa, kuɗin ba su dawo ba. Awaki biyun da uwarta ta haɗo ta da su, ɗaya ta tafi a sunan ɗan kishiya, ɗayar a kuɗin taki. Suna ma ba a kiranta da shi sosai, 'Yar Faranshi ake cewa, yara su bi ta suna kwaikwayon maganarta.

Waya ma ba ta tsira ba. Tun da aka wajabta haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN a ƙarshen 2020, wanda ba shi da takarda ba shi da layi da sunansa. Nata da sunan miji yake, wayar kuma a hannunsa take kwana. In tana son jin muryar uwarta sai ta faki ido ta roƙi maƙwabciya, kiran ƙasar waje kuwa ba ya barin kati.

Sai batun boda. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai a Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A wannan rufewar ta biyu mahaifinta ya rasu. Ta nemi zuwa gaisuwa aka ce mata boda a rufe take. Jama'a, mu da muke nan mun san irin rufewar. Babura ba su daina ratsa daji da jarkoki da buhuna ba ko da kwana ɗaya. Buhu ya samu hanya, 'yar mamaci ba ta samu ba.

Masu jawo addini don su kare mijin, ku zo mu zauna a kai. A Suratun Nisa'i, aya ta 35, Allah ya ce in an ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. To wane ne nata? Wanda ya karɓi wakilcinta ranar ɗaurin aure shi ne dillalin nan, abokin cinikin ango. Duk zaman sulhun da aka yi a zauren mai unguwa, dangin miji ne a dama, abokan miji a hagu, ita tana bayan ƙyaure ana ce mata, “Ki yi haƙuri 'yar nan, aure ibada ne.” Shi ba a taɓa ce masa ciyarwa ibada ce ba. Suratul Baƙara kuma, aya ta 231, ta hana a riƙe mace don a cutar da ita. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, in cutarwa ta tabbata alƙali yana iya raba auren ba tare da mace ta mayar da ko sisi ba. Abin da ake buƙata shaidu ne. Shaidun kuwa suna nan, katangarsu ɗaya da gidan, sun ji kuka ba sau ɗaya ba. Da aka neme su kowa ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata, ba ya son abin da zai ɓata zumunci. Zumuncin da za a ɓata da ita ba shi da nauyi, tunda ba ta da kowa a nan da za a haɗu da shi a masallaci a ji kunya.

Dole ta bi hanyar hul'i, wato wadda aka cuta ita ce ta biya. Yayanta ya sayar da rago ya zo da sefa, ya canza a Maigatari. Faɗuwar Naira dai ta yi wa mutum ɗaya rana a ƙasar nan, domin sadakin da ango ya yi ta taƙama da shi bai cinye kuɗin ragon ba, har da canjin mota.

Akwai maganar da masu sukarta ke yi wadda ba zan yi watsi da ita ba, ita ce ta yara. Ta tafi da na goye, ta bar biyu. Wasu na cewa wace irin uwa ce wannan. Wasu kuma cewa suke ko na goyen bai kamata ya tsallaka ba, tunda ɗan Najeriya ne. Ɗan Najeriya ne kam, tsarin mulkin 1999 ya ba shi wannan ta wajen ubansa, kuma zama a Nijar ba ya goge shi. A fiƙihunmu uwa ce ta fi cancantar riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Sai dai malamai sun ce in uwa za ta ƙaura ta yi nisan buridi shida, wato mil 72, uba na da ikon ya ce a bar masa 'ya'yansa. Ku lura, nisa aka auna, ba a ce boda ba. Wadda za ta koma Dungas ta fi wadda za ta koma Zariya kusa da mu. Ita garinsu ya yi nisa, don haka uban yana da hujja, ban musa ba. Abin da na musa shi ne a ce ta zubar da su. Matan da suka raka ta bakin titi sun ce sai da aka ɓamɓare hannun babbar daga zanenta, ita kuma har motar ta tashi ba ta iya ɗaga kai ba. Wanda bai taɓa tsayawa a wannan matsayi ba ya rage baki.

Ana kuma cewa can ɗin ma wahala za ta tarar, ga fari, ga zawarci, ga 'yan'uwa da kowa ke ta kansa. Ta fi mu sanin garinsu. Ta auna biyun ta zaɓa.

Na san gidaje a nan da matan Nijar ke zaune cikin daraja, sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki, su ake kira in za a yi wankan jego ko rabon abincin biki. In ka duba za ka tarar ko dai mijin mai tsoron Allah ne, ko kuma tana da wani tsayayye a kusa. Na farkon ba mu da iko a kansa. Na biyun muna da shi. Mu ma fa 'ya'yanmu ana kai su aure Agadas da Legas da Saudiyya, inda ba su san kowa ba.

Don haka roƙona ga limamai da masu unguwanni da dagatai ne. Kada a ɗaura auren baƙuwa, ko a karɓi tarewarta, sai an ji daga bakin waliyyinta na jini, an rubuta garinsu da lambar wayar mutum biyu daga danginta an ajiye wajen mai unguwa. A kuma nema mata gida a cikin gari wanda ba na dangin miji ba, dattijon da zai ce gaban jama'a, “Wannan 'yata ce, in ta yi fushi nan za ta zo, nan kuma za ka zo biko.” In aure ya ƙi, a ba ta takardarta a hannu, a bar ta ta yi idda da ciyarwa in saki ne, a haɗa mata kayan ɗakinta, a rubuta gaban alƙali lokacin da yara za su riƙa zuwa wajenta da wanda zai biya kuɗin mota. Ita wannan ko kayan ɗakin ba a ba ta ba. Gadonta da kwallayenta suna nan a gidan, motar Maigatari kuma duk Alhamis tana lodi a bakin kasuwa.