Ɗalibai, ku daina cika fishin anketi a fada

Assalamu alaikum ƙannena ɗalibai, musamman ku da ke shirin rubuta memuwar (littafin binciken kammala karatu) ta lisans ko ta mastar bana. Jiya da la'asar na tsaya kusa da wata fada ta samari nan cikin garin Maradi ina jiran mai faci ya ƙare mini tayar babur, sai na ga samari ukku bisa tabarma, shayi na bisa wuta, ga tulin takardu gabansu. Na zaci bita suke har na ji daɗi a raina. Ashe fishin anketi, wato takardun tambayoyin bincike, suke cikawa, na wani bincike kan yadda manoma ke ajiyar wake, wai manoman wasu garuruwa can wajen Gidan Rumji. Guda na karanta tambaya, guda na ƙago amsa, na ukkun na canza biro don kada tawada ta zamo iri ɗaya. Da kunnena na ji ɗayan ya ce “kai wanga ba shi mata biyu da ɗiya tara, wancan mun ba shi guda”, sunka bushe da dariya. Na ce samari yaushe kunka je garin? Mai takardun ya ce “babban yaya kuɗin esansi ne babu, kuma ai duk amsar guda ce.”

Duk amsar guda ce! Haba ƙanena, in ka san amsar tun kana fada to mi ya kai ka ga bincike? Kuma abin da ya fi ɓata mini rai, waken da kake wasa da shi ɗin nan, a nan garin anka yi mashi aikin da Afirka ke amfana da shi yau. Buhun PICS da iyayenmu ke saye a kasuwa, mai leda biyu ciki da buhun saƙa waje, masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, da ke Tarna na cikin waɗanda sunka gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka, daga 2007 anka shiga yaɗa shi ƙauyuka. Ba zama sunka yi suna cewa ai mun san zai yi ba. Wake sunka zuba, sunka ɗaure, sunka auna yadda ƙwarin ke cinye iskar da ke ciki har su kasa rayuwa ba tare da an sa magani ba, sannan sunka tahi ƙauye sunka ɗaure buhu gaban jama'a, bayan watanni anka dawo anka kwance gaban jama'ar nan kowa ya sa hannu ya duba. Gani ya kori ji. Kai kuma kana son ka rubuta shafi sittin kan ajiyar wake ba ka leƙa rumbu ko guda ba.

Ku dubi sassaben zamani. A farkon shekarun 1980 kowa ya yarda itatuwan yankin ga sun ƙare sai dai a yi ta dashe, dashen kuma na mutuwa. Sai da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya sauka daga mota ya duba abin da ake ɗauka kamar ƙaramin sabara ne marar amfani, ya gane kututture ne mai rai da ke tohowa, manomanmu sunka kama abin sunka gyara shi da dabararsu, daga baya hotunan tauraron ɗan adam sunka nuna kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itace tsakanin Maradi da Damagaram. Da a fada ya zauna da shi ma cewa zai yi duk amsar guda ce.

Kuma kada ku ce ai wannan noma ne ba rai ba ne. A Madarunfa anka gwada rigakafin gudawar rotabirus mai jure zafi, ma'aikatan cibiyar binciken lafiya ta Epicentre sunka bi jarirai sama da 3,500 gida gida, sakamakon ya fito a 2017 cewa yana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga gudawa mai tsanani. To ka ɗauka ma'aikatan nan irinku ne, su zauna ƙarƙashin bedi su rubuta yaro lafiya lau alhali uwarsa na can tana jinya. Da jaririn wa za a gane ƙaryar? Halin da ka koya da fishin wake shi za ka kai asibiti, shi za ka kai ONG ranar da sunka ba ka tablet, abin da ya sa ma yanzu suke kunna GPS a kai ke nan, an daina yarda da mu.

Kuna zaton ba a ganewa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne wallahi. Duk wanda ya taɓa yin anketi na gaske ya san fishin da ya je ƙauye da ƙura yake dawowa, da kankare-kankare, da tambayoyin da anka ƙi amsawa. Manomi ba ya ce maka na samu kilo ɗari takwas, dami zai ƙidaya maka, waken kuma da tiya, kai ne za ka sha wahalar maida su kilo. Tambayi tsoho shekarunsa ya ce maka an haife shi shekarar wata yunwa. Tambayi magidanci dabbobinsa nawa ya dube ka ya ce sai godiya, don yana zaton haraji ne. Akwai gidan da namiji ba ya shiga sam, sai ka nemo ɗaliba mace ta yi maka tambayar. Amma naku fishin fes, kowa ya amsa komi, kowa ya san hektarsa har da wakafi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, sai dai wagga tana yin jikoki, don memuwar ɗin za a aje ta laburare, ɗalibin baɗi ya kwafe alƙalumanka ya sa sunanka, na bayansa ya kwafe nashi, wata rana wani mai rubuta proje ya ɗauka ya ce bincike ya nuna. Mutanen garin da ba ka taɓa gani ba ka yi masu shedar zur, kuma kun san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Maganar babu kuɗin esansi kuwa, na san talauci gaskiya ne, na san burs na makara. Amma don Allah ranar sutenans fa, ranar kare memuwar gaban malamai? Anko, kek mai hawa, mai hoto, mai bidiyo, jerin babura ana ham har unguwa, a cika Facebook da “Alhamdulillah an gama”. Kuɗin kek ɗin kaɗai ya isa ya kai ka ƙauye da kabu-kabu ya maido ka. Ban ma son in shiga zancen masu zuwa siber su sayi tsohuwar memuwar a canza masu sunan gari da shekara, ko waɗanda ChatGPT ke rubuta ma komi har godiyar iyaye, ko masu zuba kuɗin fotokopi a cacar ƙwallo, wannan sai wata rana.

Abin da zan ce dai ku ji tsoron Allah. In mutum ɗari sun fi ƙarfinka je ka ga ankadrer ɗinka, malamin da ke duba aikinka, ka faɗa mashi gaskiya, ka yi talatin na gaske ka rubuta talatin. Ku haɗa kuɗi ku biyu ko ukku ku tahi tare, ba za ku rasa wurin kwana a ƙauye ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ni abin ma da ke ba ni baƙin ciki, daga jihar ga Abdou Moumouni ya fito, haifaffen Tasawa a 1929, mutumin da ya riƙe ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana, yana auna zafin rana yana ƙera na'urar dafa ruwa da ita tun lokacin da ba kwamfuta ba intanet, ya rasu a 1991. Malaman da sunka koyar da mu, kafin su buɗe shafin farko sai sun tambaye ka sunan mai garin da ka sauka wurinsa, da ranar da kasuwar garin ke ci, in ka yi in-ina an gama da kai, sai baɗi. Yanzu malami guda na riƙe da ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ga aikin proje na jiransa, wani sai daren sutenans yake buɗe memuwar ya duba ko an rubuta sunansa daidai, 'yan juri su yi faɗa kan wakafi da girman harafi, ba mai tambayar ina fishin suke, a tashi a raba mansiyon, wato darajar sakamako, kamar goron suna.