Tsoron kuskure ba ya gyara aiki

Yana damuna yadda ake cewa maigidan da ba ya yafe kuskure shi ke fitar da aiki mai kyau. Na gane dalilin, yadi da tsada, mai kaya kuma ba ya karɓar uzuri. Amma wanda ke tsoron faɗa ba ya gwada sabon abu, abin da ya saba kawai yake maimaitawa.

A wani shagon ɗinki a Ringim, yara sun daɗe suna aikin wuya iri ɗaya. Da maigidan ya ba su buhun ƙyallaye ya ce, "Ku gwada a nan, in ya ɓaci ba komai," sai ƙaraminsu ya fito da sabon zanen aljihu. Na farko ya karkace, aka farke. Na uku aka ɗora wa rigar sallah.